Hotuna Uku a Cikin Durowa

A unguwarsu ba wanda ke kiransa da wani suna in ba Mai Hoto ba, har matarsa ma in ta so tsokana haka take ce masa. Baƙi sukan ruɗe. An taɓa yin wata mata da ta zo har ƙofar gida tana son ya je bikin ƙanwarta ya ɗauki amarya. Ya dube ta da fuskar nan tasa da ba a gane wasa ko gaske, ya ce, "Ni nawa hoton, sai in amaryar ta karye." Matar ta ce Allah ya kiyaye, ta tafi tana waiwaye.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin hoton ƙashi na babban asibiti, wani ɗaki mara taga a ƙarshen baranda, inda sanyi ba ya ɗaukewa ko da ana zuba rana a waje. Ya shiga aikin tun yana saurayi mai siririn gemu, lokacin da ake wanke fim da hannu a ɗakin duhu, kuma ruwan wankin ya rina masa farce rinin da sabulu bai taɓa fitarwa ba. Rigar dalmar da ake sawa don kare jiki ta ranƙwafar masa da kafaɗa ɗaya. Ya ɗauki hoton direbobin da suka yi haɗari, da tsofaffin da santsin bayan gida ya kayar, da yaran da suka haɗiye kwabo. Likitoci sukan gane hotonsa tun kafin su duba sa hannu, domin shi ba ya karkata hannun mutum ko ƙafarsa, kuma ba ya sa a sake ɗauka.

Akwai doka a aikin nasu: mai ɗauka ba ya faɗin abin da ya gani, wannan na likita ne. Mai Hoto ya riƙe dokar nan gam. Mutum zai fito yana leƙen fuskarsa, yana cewa, "Malam, don Allah me ka gani?" Sai ya ce, "Na ga kana da ƙashi, ka gode wa Allah." Amma fa yana gani. Wanda ya shekara talatin yana ɗaga fim a gaban fitila dole idonsa ya waye. Yakan yanke hukunci a ransa, bayan kwana biyu ya leƙa katin mara lafiyar ya ga abin da likita ya rubuta, kuma sau tara cikin goma sai ya tarar ya dace. Bai taɓa gaya wa kowa ba, amma yana jin daɗin abin ƙwarai, irin daɗin da mutum ke ɓoyewa har ya zame masa girman kai bai sani ba.

'Ya'yansa huɗu. Maza ukun neman abinci ya watsa su garuruwa, sai a waya ake jin su. Ta huɗun ita ce mace, ita ce kuma auta, kuma da Auta ɗin kowa ya san ta. Ungozoma ce a wani ƙaramin asibitin haihuwa, shekararta ashirin da bakwai. Allah ya yi mata ƙananan hannuwa masu ƙarfi, irin waɗanda aikin yake so. Ta iya shafa ciki ta gane yadda ɗa yake kwance, ta iya lallaɓa kafaɗar da ta maƙale har ta fito ba tare da an yi wa uwa ɓarna ba. Mata in naƙuda ta yi tsanani sukan ce a kira musu mai ƙananan hannun nan. Duk cikin 'ya'yansa ita kaɗai ta bi shi aikin asibiti, kuma bai ɓoye cewa ita ce ta gaban goshi ba. Da yamma in sun dawo sukan zauna a tsakar gida suna musun wanda ya fi shan wahala.

"Ke fa kin ji daɗi," yakan ce. "Ke kike karɓarsu sababbi fil. Ni sai sun lalace ake kawo min."

"To Baba, naka ai ba sa ihu su biyu a lokaci ɗaya."

Ciwon ya fara ne a wuyan hannunta na dama, ta gefen babban yatsa. Da fari tsami ne kawai in ta wuni tana aiki, daga baya wurin ya ɗan tasa, kamar an sa rabin lemon tsami a ƙarƙashin fata. Ta ce targaɗe ne. Mamarta, wadda ba ta taɓa aikin asibiti ba amma ta fi su duka tsoron ciwo, ta ce a je a ga likita.

"Wane likita kuma, ga ni?" in ji Mai Hoto. "Ki biyo ta wurina gobe in an tashi. Ba layi, ba yankar kati."

Ta biyo da la'asar. Ya ɗora hannunta a kan farantin ɗaukar hoto, ya daidaita shi da yatsunsa biyu, ya koma bayan gilashi ya danna na'ura. Da ya ɗaga fim ɗin a gaban fitila sai ya ga abin da bai zata ba. A can ƙarshen ƙashin, dab da gaɓa, akwai wani rami mai duhu mai ɗakuna-ɗakuna kamar kumfar sabulu. Ya matso da ido, ya daɗe yana dubawa. Ya san kamannin kansar ƙashi, ya gan ta ba sau ɗaya ba: gefenta a yage yake, tana fasa ƙashi ta yi waje. Wannan kuwa gefensa a tsare, yana zaune a wurinsa. Ba kansa ba ce. Ya sauke ajiyar zuciya.

Kuma ya yi gaskiya, ba kansa ba ce. Abin takaicin ke nan. Da ya yi kuskure tun daga nan, da wataƙila tsoro ya kore shi zuwa wurin likita a ranar.

Sai ya tuna yara da yawa da ya ɗauka masu irin ramukan nan a ƙashi, waɗanda likitoci suka ce a bar su, a riƙa ɗaukar hoto lokaci-lokaci, kuma ya ga ramukan sun cike da kansu. Ya kuma tuna hotunan da yake ɗauka bayan an yi wa mutane aiki, ƙarfe da ƙusoshi, da waɗanda wurin ya ruɓe aka sake buɗewa. Wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da ya tura dubban mutane ƙarƙashin wuƙa da hotunansa, ya kasa ko tunanin a tsaga fatar hannun 'yarsa.

"Yaya, Baba?" ta tambaya daga bakin ƙofa, tana gyara jakarta.

"Ba komai. Irin ramin nan ne da ke cikewa da kansa. Za mu riƙa dubawa."

Ya rubuta kwanan wata a kusurwar fim ɗin da rubutunsa mai tsabta, ya sa a ambulan, ya jefa a durowar teburinsa ta ƙasa. Daga ƙofar ɗakinsa zuwa ofishin likitan ƙashi taku goma sha huɗu ne.

Bayan wata biyar ya sake ɗauka. Auta ta soma ɗaure hannun da bandeji in za ta aiki, ta kuma daina murɗa wanki. Ya jera fim biyun a gaban fitila, ya ɗauko rula ya auna. Ramin ya ƙaru. Ya sake aunawa, ya ƙaru ɗin dai. Sai ya yi abin da ba wanda zai iya yinsa sai mai irin sana'arsa: ya ɗora wa kansa laifin ɗauka. Ya ce ai ya ɗan karkata hannun ne, kuma in hannu ya karkata ko ya ɗago daga faranti, inuwa takan fito da girma. Haka ne, takan fito. Amma mutumin da bai karkata hannun baƙo ba a shekara talatin, shi ne wai ya karkata na 'yarsa. Ya yarda da wannan ƙarya domin ta fi gaskiyar sauƙin haɗiya. Ya gaya wa Auta abin yana nan yadda yake, ya ce ta rage ɗaukar nauyi.

Hoto na uku bai bar masa wurin ɓuya ba. An yi wata goma sha huɗu da na farko. Ƙarshen ƙashin ya kumbura, bangonsa ya yi siriri kamar ɓawon ƙwai, ramin ya kai har ƙarƙashin gaɓa. Ya ce wa kansa gobe da sassafe zai kai wa likita. Gobe ta yi, ya ɗauko ambulan, sai ya tuna cewa in ya kai ɗaya za a tambaye shi tun yaushe, in ya kai ukun kuwa, kwanakin watan da ya rubuta da hannunsa za su ba da shaida a kansa. Likitan ƙashin yaro ne a wurinsa, a gabansa ya zo asibitin yana sabon likita, kuma Baba yake ce masa. Kunya ta riƙe shi. Ya mayar da ambulan, ya ce sai jibi. Haka ya yi ta sai jibi har kwana tara.

A rana ta goma, da hantsi, Auta da wata abokiyar aikinta suna ɗaga wata mai jego daga gadon haihuwa zuwa gadon turawa. Ba wani nauyin a-zo-a-gani ba ne, ta ɗaga irinsa sau ɗari. Abokiyar aikin ta ce ta ji ƙarar kamar an taka busasshen kara. Auta ba ta saki matar ba sai da suka ajiye ta, sannan ta zauna a ƙasa.

Da aka kawo ta ɗakinsa a keken marasa lafiya, Mai Hoto bai iya ɗaukar hoton ba. Abokin aikinsa ne ya ɗauka, shi yana tsaye a baranda.

Likita ya sa aka ɗebi 'yar tsoka daga cikin ramin da allura aka kai ɗakin gwaji. Kwana goma sha ɗaya suka jira. Ranar da sakamako ya fito suka shiga ofishin su uku, Auta da hannu a rataye, mamarta na riƙe da jakarta. Likita ya ce ba kansa ba ce. Mama ta ɗaga hannuwa tana hamdala, hawaye na zuba. Likita ya bari ta gama, sannan ya ci gaba a hankali.

"Mama, mu gode wa Allah, amma bari in ƙarasa. Wannan ƙari ba kasafai ake ganinsa ba, ni kaina a shekara bai fi in ga biyu ko uku ba. Da wuya ya yi yawo a jiki, amma inda ya zauna cin wurin yake. Ba irin ramin yara ba ne da ke cikewa. Shi manya yake kamawa, kuma bakin gaɓa yake zama. Nata ya cinye ƙarshen ƙashin, ya fasa bango ya fito." Ya juya wurin Auta. "Ina son in san saurin girmansa. An taɓa yi miki hoto kafin wannan?"

Auta ta dubi ƙasa.

Mai Hoto ya miƙe. Ya fita, ya buɗe durowar, ya dawo da ambulan ya ajiye a teburin likita. Likita ya jera fim ɗin uku a gaban fitila, daga na farko zuwa na ƙarshe. Hotuna ne masu kyau, ba wanda ya karkata ko kaɗan, kowanne da kwanan watansa a kusurwa. Likita ya san rubutun.

"Likita," in ji Mai Hoto. "Da na kawo maka na farkon fa?"

"Baba, abin da Allah ya rubuta ai..."

"Na san da Allah. Kai nake tambaya."

Likita ya cire tabarau ya murza idonsa. "Da mun buɗe 'yar ƙaramar taga a ƙashin, mu kankare shi tas, mu cike ramin da simintin ƙashi. Gaɓar tana nan ba a taɓa ta ba. Wata biyu, uku, ta koma aikinta. Ko a na biyun ma da zan gwada."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ba bangon da zai riƙe siminti. Sai dai mu yanke ƙarshen ƙashin gaba ɗaya, mu ciro siririn ƙashi daga ƙafarta mu dasa, mu ɗaure da ƙarfe. Za ta riƙe hannunta, yatsu za su motsa. Amma wuyan hannun zai tsaya a miƙe, ba zai ƙara lanƙwasawa ba."

"Zan iya karɓar haihuwa?" Maganar da Auta ta yi ke nan tun shigarsu.

Likita bai yi mata ƙarya ba, ya ce ba ya jin haka.

Sai da suka koma gida suka shiga ɗaki Mama ta dubi mijinta ta ce, "Kai ka ce ba komai." Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma ba ta ƙara tayar da maganar ba har yau. Da ta yi ta faɗa, da ya fi masa sauƙi.

Aikin ya ɗauki awa biyar. Ya yi kyau, in ji likita, an cire ƙarin duka, kuma za a riƙa ɗaukar hoto duk bayan wata uku domin irinsa yakan so dawowa. Auta ta yi wata biyu tana ɗingishi saboda ƙafar da aka ciri ƙashi, hannun kuma ya yi wata huɗu a ɗaure. Da aka kwance, ya fito a rame, da dogon tabo daga tsintsiyar hannu har bayan tafi. Yatsun suna motsi, amma babban yatsan ya yi tauri, riƙon kuma ba ƙarfi. Ta koyi rubutu da kafaɗa tana juya hannun gaba ɗaya. In za ta kai loma baki sai ta ɗaga gwiwar hannu ta sunkuyar da kai, shi ya sa ta daina cin abinci a gaban baƙi.

Asibitin haihuwar ba su sallame ta ba, mutanen kirki ne. Suka ba ta tebur a bakin ƙofa, tana rubuta kati, tana auna nauyin jarirai. Ɗakin haihuwa yana bayanta, bango ɗaya ne tsakani, tana jin komai. In naƙuda ta yi gardama takan ji ana kai-komo, ta san abin da ya kamata a yi, ta san inda za a sa hannu. Wani lokaci wata da ta saba haihuwa a wurin takan tambaya ina mai ƙananan hannun nan, sai a ce ai ita ce ta ba ki kati.

Shi kuwa Mai Hoto ya ƙarasa shekarar da ta rage masa ya ajiye aiki. An yi masa ɗan taron ban-kwana, likitoci suka yi ta yabon idonsa da hannunsa, shi yana zaune kamar wanda ake yi wa bulala. Tsokanar nan duk ta mutu. Mutanen unguwa suka ce tsufa ne ya zo masa farat ɗaya. Zaman tsakar gida da yamma ma ya watse, domin in Auta ta dawo sai ya ƙirƙiri abin yi a waje. Ba fushi yake da ita ba, kallon hannun ne ba ya iyawa.

Wata ranar hutu da rana, Mama ta tafi kasuwa, ya fito ya tarar da Auta a kan tabarma tana matsa ƙwallon roba da aka ba ta don motsa yatsu. Ya yi kamar zai wuce, sai ya zauna a bakin tabarmar. Ya shirya maganar wata da watanni, amma da ya buɗe baki kaɗan ce ta fito.

"Auta, ni na cuce ki. Ki yafe min."

"Haba Baba, wace irin magana ce wannan?"

"Ki bar ni in faɗa. Na gani tun a na biyu. Na auna da rula, na ga ya ƙaru, na ce miki yana nan yadda yake. Ke ba ki san komai ba, kin yarda da ni ne kawai."

Ta ajiye ƙwallon. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta dawo da tsohuwar jakar aikinta, ta zuge ƙaramin aljihun ciki da hannun hagu. Ta ciro wata takarda da ta sha ninki har ta fara yagewa a tsakiya, ta miƙa masa. Takardar turawa ce, daga likitan asibitin haihuwarsu zuwa likitan ƙashi, an rubuta a duba da gaggawa. Ya dubi kwanan watan. Sati uku ne bayan hoton farko.

"Likitanmu ya ga kumburin, ya ce bai kwanta masa ba," in ji ta. "Ni ma ina aunawa da tef ɗin da muke auna ciki, duk wata. Na san yana girma, Baba. Ka daina cewa kai kaɗai ne."

"To me ya hana ki zuwa?"

"Asibitinku ne fa. In na shiga ofishin nan da takarda, ai na ce wa kowa idon Babana bai gani ba. Kullum in na zo ana ce min babu kamarka. Sai na ce bari dai in jira, kai da kanka za ka kai ni."

Ta faɗa ne don ta rage masa nauyi, har da ɗan murmushinta, tana jira ta ga fuskarsa ta saki. Shi kuwa sai ya ji kamar an ɗora masa wani dutsen a kan na da. Duk watannin nan yana zaton gangancinsa ne kawai ya ci hannun, ashe har da girman da take ba shi. Wata goma sha uku takardar na cikin jakarta, tana shiga da ita ɗakinsa tana fita da ita, tana jiransa.

Hawaye suka zubo masa, shi da 'ya'yansa ba su taɓa ganin kukansa ba. Auta ta ruɗe, ta matso ta ce, "Baba, don Allah," ta kai hannun dama za ta share masa fuska. Hannun bai lanƙwasa ba, yatsun suka wuce ta gefen kunnensa. Ta janye shi da sauri ta sa na hagu.